Darasi na 11: Neman Ƙaya a Tsokar Kifi

Duk wanda ya tashi a gidan da ake cin kifi ba zai iya tuna ranar da aka koya masa cinsa ba. Hannu ne ke fara aiki: a ɓantaro tsoka, a murza ta tsakanin babban yatsa da manuni, sannan a kai baki. A bakin ma ba a gama ba. Harshe na lalube, haƙora na taunawa a hankali, in wani abu ya soki dasashi sai a dakata a zaro shi a ajiye a gefen kwano. Uwa kuwa ba ta miƙa wa ɗan yaye kifi sai ta bi shi sau biyu da yatsunta. Mutumin Yawuri ko Argungu ko Baga zai cinye karfasa guda ya bar ƙashinta a jere kamar mataji, ko hirar da yake yi bai katse ba.

Abin da ya sa ya tsira shi ne ya san akwai ƙaya. To, a ɗauki wannan mutumin a miƙa masa ledar kifi da aka rubuta "babu ƙaya" a jikinta, ko a sayar masa da dambun kifi a roba. Ba zai murza ba, ba zai lalube ba. Dumbuza zai yi ya watsa a baki, ya ɗebo ya ba yaronsa, ya ba tsohuwarsa da haƙora suka ƙare mata. Mai sarrafa kifin ya riga ya karɓe masa taka-tsantsan ɗin nan, kamar ya ce masa: ci abinka, sauran a wuyana yake. Shi ya sa ƙaya ɗaya da ta saura a irin wannan kifi ta fi hamsin da ke jikin soyayyiyar karfasa haɗari.

Hukumomi ma haka suke kallon lamarin. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, takwarar NAFDAC a Najeriya, ba ta ɗaukar ƙayar da ke jikin kifi a matsayin abin da ya gurɓata shi, tunda mai saye ya san da ita. Amma da zarar takardar da ke jikin ƙunshin ta ce an cire, hukuncin ya canza. Wannan darasi zai nuna muku inda ƙaya take ɓuya, yadda ake nemanta da hannu da ido da na'ura, da kuma inda kowace hanya take gazawa.

Ina ƙayar take?

Mahauta da masu kilishi suna da kalmar "sala", wato yankan nama mai faɗi. Ita za mu ara. In aka kwantar da kifi aka bi ƙashin bayansa da wuƙa daga wuya zuwa wutsiya, aka ɗauke tsokar gefe guda a dunƙule, wannan ita ce salar kifi. Kowane kifi yana ba da sala biyu. Ita ce otal-otal da manyan kantuna suke nema, ita ce kuma ake daskarewa a yi fataucinta tsakanin ƙasashe.

Yawancin ƙasusuwan kifi ba su da wuyar sha'ani. Ƙashin baya da ƙayoyinsa na sama da na ƙasa suna tafiya gaba ɗaya. Haƙarƙarin da ya kewaye ciki ana ganinsa, a zura wuƙa ta ƙarƙashinsa a ɗauke. Akwai ƙashin wuya kusa da kai, akwai kuma 'yan ƙananan ƙasusuwa da ke riƙe da fukafukan baya da na ciki, waɗanda sukan maƙale a bakin sala in mai yanka ya matsa kusa da gefe da yawa. Duk waɗannan mai kula zai gan su.

Mai ba da wahala ita ce wata siririyar ƙaya da ke fitowa daga wajen ƙashin baya ta nutse cikin tsoka ta gefe, a jere, daga wuya zuwa kusan tsakiyar jiki. Idan wuƙa ta bi ƙashin baya, sai ta datse waɗannan ƙayoyi daga tushensu, su tafi tare da salar. Abin da ke leƙowa a fuskar tsoka bai wuce ɗigon bakin allura ba, sauran tsawon yana ciki. Mu kira ta ƙayar tsoka. A kifin salmon da ake kiwo a Norwe, kowace sala tana ɗauke da irinta kimanin 30. A kifin kod na tekun arewacin Turai goma sha wani abu ce. Karfasa tana da 'yan kaɗan a sashen gaba.

Ba duk kifi ne ya dace da wannan sana'a ba, kuma sanin haka ya fi kowace na'ura amfani. Tarwaɗa kusan ba ta da ƙayar tsoka, sai dai a kula da ƙaƙƙarfar ƙayar da ke fiffikenta na gaba, wadda takan karye ta bar guntu. Giwan ruwa babba ne, ƙasusuwansa manya, ana ganinsu. Shi ya sa tun da aka zuba shi a Tafkin Biktoriya a shekarun 1950 ya yaɗu, aka kakkafa masana'antu a Mwanza ta Tanzaniya da Kisumu ta Kenya da Jinja ta Yuganda, suna yanka salarsa suna aikawa Turai. Kifin nan dai shi ne wanda masunta ke alfahari da shi a bikin Argungu. Tsage kuwa tsokarsa cike take da ƙananan ƙayoyi, wasu masu reshe biyu kamar gwafa. Wanda ya ce zai fitar da sala marar ƙaya daga tsage ya ɗauko wa kansa dala ba gammo. Gara a soya shi yadda aka saba, mai ci ya kula da kansa.

Ba wai ba a iya yi ba ne sam. A ƙasar Filifin akwai kifin da suke kira bangus, mai ƙaya sama da 150 a jiki, kuma a garin Dagupan cire ƙayarsa sana'a ce mai zaman kanta, yawanci mata ke yi da ɗan hantsaki, ɗaya bayan ɗaya. Amma su sun haddace jerin ƙayar kamar yadda masaƙi ya san zarensa, kuma kuɗin aikin yana cikin farashin kifin.

Yatsa da matsefata

Har gobe, ko a masana'antar da ta fi kowace kayan aiki, akwai mutum a tsaye yana shafa kifi da yatsa. Ga yadda ake yi. A shimfiɗa salar, gefen fata a ƙasa. A ɗora kan yatsa a wajen wuya, a ja shi a hankali zuwa wajen wutsiya, a kan layin tsakiya. Daga kai zuwa wutsiya ake ja, domin bakin ƙayar yana fuskantar wajen kai ne, saboda haka yatsa zai ci karo da tsininta ya ɗaga ta. In aka ja daga wutsiya, yatsa zai kwantar da ita ya wuce bai ji komai ba. Idan salar tana da kauri, a kife kwano a ɗora ta a kai ta lanƙwasa, sai bakin ƙayoyin su leƙo.

Kakanninmu da ke tafiya ba takalmi suna rataye da matsefata don cire ƙaya a ƙafa. Aikin ɗaya ne, sai dai ta kifi bakinta ya fi faɗi, kuma ta ƙarfen da ba ya tsatsa ce. A kama bakin ƙayar, a danne tsokar da ke gefenta da yatsu biyu, a ja ta ta fuskar da ta kwanta, wato sama-sama zuwa wajen kai. Ba a fizga. Fizga ce ke karya ta, kuma guntun da ya saura a ciki ya fi cikakkiyar ƙaya sharri, tunda yanzu ba shi da bakin da yatsa zai ji. A ajiye ɗan kwano da ruwa a gefe, kowace ƙaya aka zaro a tsoma matsefatar a ciki ta saki. Wanda ke goge matsefata a kan allon yanka, sala ta gaba ce za ta kwashe abin da ya cire.

Akwai wani abu da sababbin shiga ba su sani ba. Bayan kifi ya mutu da 'yan sa'o'i jikinsa yana sandarewa, daga baya kuma ya saki. Kafin ya saki, ƙayar tsoka tana riƙe gam da jijiyoyin da ke kewaye da ita. In aka ja, ko ta karye ko ta yago tsoka. Wannan ya daɗe yana damun masu salmon a Norwe: suna son su yanka kifi da ɗuminsa ya isa kasuwa da wuri, amma ƙayar ba ta zaruwa da kyau sai ya yi kwanaki a ƙanƙara. A ƙasa mai zafi irin tamu sandarewar tana zuwa da wuri ta wuce da wuri, amma kada wannan ya sa wani ya bar kifi a fili yana jira ya saki. Jira a cikin ƙanƙara ake yi. In babu ƙanƙara, a bar batun zarewa, a yanke.

Yankewa ita ce hanya ta biyu. A gano layin ƙayar da yatsa, a tsaga da wuƙa ta wannan gefe da wancan, a ɗauke siririn yankin da ƙayar ke ciki gaba ɗaya. Haka ake yi wa karfasa da kod. Ya fi sauri, ya fi tabbas, amma tsoka tana tafiya. Mu yi lissafi. A ce kowace sala mai yanka yana zubar da giram 10 fiye da yadda ya kamata, saboda tsoron kada ya bar ƙaya. In ana yanka sala 2,000 a rana, an yi asarar kilo 20 ke nan. Ku tuna kuma karfasa sai an yanka kusan kilo 3 kafin a sami kilo 1 na sala. Saboda haka mai masana'anta yana tsakanin abu biyu: ya matsa wuƙa kusa ya bar ƙaya, ko ya ja ta nesa ya zubar da riba. Injin yanka da ruwa da za mu ambata nan gaba, wannan matsi ne ya haife shi.

Yatsa yana da iyakarsa. Ɗakin sarrafa kifi sanyi gare shi, kifin ma daga ƙanƙara yake fitowa. Bayan sa'a ɗaya ko biyu yatsu sun yi sanyi sun daina ji sosai, ga safar hannu da tsafta ta wajabta tana ƙara rage jin. Ga kuma gajiya. Mutumin da ya shafa sala ɗari takwas, hankalinsa ba ya kan ta ɗari takwas da ɗaya. Shugaban aiki mai hankali yana juya ma'aikata, yana ba su hutun ɗumama hannu. Wanda kuma ke biyan mai duba ƙaya bisa yawan kilon da ya wuce ta gabansa, a ganina sayen sakaci yake yi da kuɗinsa.

Teburin fitila

Masu kiwon kaji sun san yadda ake ɗaga ƙwai a gaban fitila a ga ko akwai ɗan tsako. Haka ake yi wa salar kifi. Tebur ne mai farin faranti na roba da haske ke ratsawa, da fitila a ƙarƙashi. In aka shimfiɗa salar a kai, tsokar takan yi haske, abin da ya fi ta duhu ya fito: gudan jini, guntun fata, tsutsa, wani lokaci da ƙaya.

Na ce wani lokaci, domin asalin aikin wannan tebur neman tsutsa ne, irin wadda ke nannaɗe a tsokar kifin teku. Siririyar ƙaya kusan launinta ɗaya da tsoka, haske yana ratsa ta. Teburin yana amfani ga farar sala marar kauri da aka cire wa fata. Ga jar tsoka irin ta salmon, ko sala mai kauri irin ta giwan ruwa, ba ya nuna abin kirki. An kuma gwada shuɗin hasken nan da ake duba jabun kuɗi da shi, domin ƙashi yana ƙyalli a ƙarƙashinsa. Yana nuna ƙayar da ke sama-sama, amma ba ya shiga ciki. Ido ba mudu ba ne, an ce ya san kima, amma a nan kimar tasa ba ta wuce abin da ke fili ba.

Na'urar eksire

A 1895 wani masani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya bar inuwar ƙashi. Hoton da ya fi shahara cikin na farko shi ne na hannun matarsa, ga ƙasusuwa ga zobe. Shi ne hasken eksire da ake ɗaukar hoton karaya da shi a asibiti. Ƙashi yana ɗauke da sinadarin kalsiyam, wanda ke tare wannan haske fiye da yadda tsoka ke yi, shi ya sa yake fitowa daban.

A masana'anta, salar tana tafiya a kan bel ta ratsa cikin wani rufaffen akwati. Hasken na saukowa daga sama, na'urar da ke ƙasa tana auna yawan wanda ya ratso, kwamfuta kuma tana haɗa hoto ta nemi siririn layin da ya fi kewayensa duhu. In ta gani, sai ta ture wannan sala zuwa wani layi daban. Can akwai ma'aikaci da allo a gabansa yana nuna masa daidai inda ƙayar take. Ya cire, ya mayar da salar ta sake ratsa na'urar. Ku lura: na'urar nunawa take yi, matsefata ce dai ke cirewa.

Ƙasar da ta yi fice a wannan fanni ita ce Aisilan, tsibiri a arewacin tekun Atlantika da arzikinsa ya daɗe yana dogara ga kifi. Injinan yanka sala sun riga na'urorin eksire ɗin nan, kamfanin Baader na birnin Lübeck a Jamus, da aka kafa a 1919, ya daɗe yana ƙera su. Amma kamfanonin Aisilan, Marel da aka kafa a 1983 da kuma Valka, su ne suka shahara da haɗa eksire da yanka. Injin yana ɗaukar hoton salar, ya gano layin ƙayar da yadda ta karkata, sannan ya yanke shi da ruwa. Ruwa fa, ba wuƙa ba: siriri kamar zare, ana harbo shi da matsanancin ƙarfi, yana bin kusa da ƙayar fiye da yadda hannun mutum zai iya yi sau dubu a jere. Giram ɗin nan 10 da muka lissafa, shi ake ceto.

Wani abin sha'awa, kawunan kod da ƙashin bayansa da suka rage a can ba zubarwa ake yi ba. Busarwa ake yi, kuma Najeriya ce babbar kasuwarsu. Busasshen kifin nan da ake kira okporoko a kasuwannin kudu, har da Sabon Gari a Kano, ta nan wani kasonsa yake fitowa. Su sun biya kuɗi an raba su da ƙashi, mu mun biya kuɗi an kawo mana shi don ɗanɗanon miya.

Kada ku ɗauka na'urar eksire ba ta kuskure. Ƙayar kifi ba kamar ƙashin saniya ba ce, siririya ce kuma kalsiyam ɗinta kaɗan ne, inuwarta ba ta da ƙarfi. Ko a asibiti, sau da yawa hoton eksire na yau da kullum ba ya nuna ƙayar kifi da ta maƙale a wuyan mutum. Shi ya sa na'urorin kifi suke aiki da haske mai rauni, wanda ya fi bambanta abubuwa masu laushi. Guringuntsi kusan ba ya fitowa sam. In sala biyu suka hau kan juna, ko ɗaya ta naɗe, kaurin zai ɓoye ƙayar. In aka tsananta saitin na'urar, sai ta riƙa ture kifi mai kyau, layin dubawa ya cika, ma'aikata su fara raina ta. In aka sassauta, ƙaya ta wuce. Don haka ake ratsa mata wasu 'yan gwaji da aka san girmansu lokaci-lokaci, a ga ko har yanzu tana gani, a kuma rubuta sakamakon a littafi.

Ɗalibai sukan tambayi abu biyu a nan. Na farko, ko hasken yana lalata kifin? Ba ya yi. Abin da ke ratsa shi kaɗan ne ƙwarai, kuma ba ya zama a cikinsa. Ma'aikaci ne ya kamata ya kiyaye, kada ya ɗaga labulen akwatin ko ya zura hannu na'ura tana kunne. Na biyu, ko na'urar gano ƙarfe za ta wadatar, tunda ta fi araha? Ita za ta kama ƙugiyar da kifi ya haɗiye ko guntun bakin wuƙa, amma ƙaya ba ƙarfe ba ce, ko gezau ba za ta yi ba.

Me ake nufi da "babu ƙaya"?

Kasuwar duniya ba ta aiki da rantsuwa, da awo take aiki. Akwai hukumar Codex Alimentarius, wadda hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya biyu, FAO ta abinci da WHO ta lafiya, suka kafa a 1963 don tsara ƙa'idojin cinikin abinci. Najeriya da Nijar da Gana duk suna ciki. Ƙa'idarta mai lamba 190 ta 1995 ta shafi daskararriyar salar kifi. Ta ce ba a rubuta "babu ƙaya" sai an cire har da ƙayar tsoka. In kuma aka sami fiye da ƙaya ɗaya a kilo ɗaya, mai tsawon milimita 10 ko fiye, ko mai kaurin milimita 1 ko fiye, wannan ƙunshi ya faɗi. Guntun da bai wuce milimita 5 a tsawo ba, ba a lissafa shi, muddin kaurinsa bai wuce milimita 2 ba.

Don ku gane awon: milimita 10 ita ce santimita 1 a kan rular 'yan makaranta, kusan faɗin farcen ƙaramin yatsa. Tsinken ashana kuma kaurinsa wajen milimita 2 ne.

Kun ga ke nan ƙa'idar ta yi afuwa ga ƙaya ɗaya a kilo, domin babu masana'antar da za ta iya lamunce cewa ko ɗaya ba za ta taɓa wucewa ba. Wannan mizani ne na sasanta mai saye da mai sayarwa. Ba mizanin abincin jariri ba ne, ba kuma na majinyaci ba. Wadda ke haɗa garin kifi don kunun yara, ita afuwar nan ba ta shafe ta ba.

Yaya ake sanin ko aiki yana kyau? Ana ɗibar wasu sala daga cikin waɗanda aka riga aka ce sun wuce, a dafa su, a marmashe a ruwa, a tace da rariya, a ƙirga abin da ya saura. Kifin gwajin ya tafi a banza, amma ta nan ne kawai mai aiki yake ganin gaskiyar hannunsa.

Dambun kifi da sauransu

Na san yawancinku ba za ku taɓa sayen na'urar eksire ba. Amma cikinku akwai masu kiwon tarwaɗa da ke son su fara kai wa otal sala, akwai kuma mata masu dambun kifi da garin kifi na sayarwa. Alkawarin da kuke yi wa mai saye shi ne dai wanda masana'antar Aisilan take yi, ko da ba ku rubuta a leda ba. Ba wanda ke lalube a dambu.

Babban kuskure a dambun kifi shi ne a daka kafin a tsince. Muddin kifi yana dunƙule, ƙayarsa tana inda Allah Ya ajiye ta, kin san inda za ki neme ta. Da zarar taɓarya ta sauka, ƙaya ɗaya ta zama guntaye biyar, sun watsu ko'ina. In aka soya kuma, su yi ja kamar dambun, su ƙara tauri. Saboda haka a dafa kifin ya nuna ba tare da ya dagargaje ba, a bar shi ya huce, a ɗauke tsokar gefe ɗaya, a ɗaga ƙashin baya gaba ɗaya, a bi layin fukafukai da na ciki. Sannan a marmasa tsokar kaɗan-kaɗan a faranti mai duhun launi, a waje da rana, ba a ɗaki da fitilar waya ba. In an gama, wata daban ta sake bi. Hannun da ya tsallake ƙaya da farko yakan sake tsallake ta.

Kifin banda ya fi wuya, domin hayaƙi ya mayar da ƙaya da tsoka launi ɗaya, ƙayar kuma ta yi gautsi tana karyewa. In na yara ne, a niƙa shi lilis a tankaɗe da rariya mai laushi, abin da ya ƙi wucewa kada a mayar da shi ciki don jin asara. Wani zai ce ai kifin gwangwani da ƙashinsa ake ci. Gaskiya ne, har yana ƙara wa jiki kalsiyam. Amma shi an dafa shi ne a rufe cikin matsin tururi, a zafin da ya kai digiri 115 zuwa 121, har ƙashin ya yi laushi. Tukunyar gida ba ta wuce digiri 100, komai daɗewarta a wuta.

In duk da haka ƙaya ta maƙale wa wani, yawanci a gefen maƙogwaro ko gindin harshe take tsayawa, inda ma'aikacin lafiya zai iya hangowa ya zaro. Al'adarmu ita ce a ce haɗiyi lomar tuwo ba taunawa. Likitoci ba sa goyon bayan haka, domin lomar tana iya ƙara nutsar da ita, ko ta tura ta ƙasa ta huda bututun abinci, abin da ke iya kai wa ga tiyata. Kada kuma a zura yatsa ana ƙwaƙula. In haɗiya ta gagara, ko yawu na dalala, ko an ga jini, ko zafi ya sauka ƙirji, ko zazzaɓi ya biyo baya, a tafi asibiti. In numfashi ne ya fara wuya, ko takalmi kada a tsaya nema.

Tambayoyi da aiki

1. Me ya sa ƙayar tsoka take saura a cikin sala bayan an cire ƙashin baya?
2. Mai yanka yana zubar da giram 8 na tsoka a kowace sala. In ya yanka sala 750, kilo nawa ya tafi?
3. An sami ƙaya biyu masu tsawon milimita 12 a kilo ɗaya na kifin da aka rubuta wa "babu ƙaya". Ya wuce ko ya faɗi?

Kafin haɗuwarmu ta gaba, ku kasu uku-uku, kowane rukuni ya sayi karfasa ɗaya da tarwaɗa ɗaya ɗanyu. Ku fitar da sala, ku cire ƙayar da yatsa da matsefata, ku rubuta adadin da kuka samu a kowanne da inda kuka same ta. In kun gamsu cewa babu saura, ku dafa salar, ku marmashe ta a ruwa, ku tace. Wanda ya tarar da ƙaya bayan ya ce babu, kada ya jefar da ita don kunya. Ya ƙunso ta a takarda ya zo da ita aji, za mu auna ta da rula.